Tsatsa a Hannun Ungozoma

Litinin, 3 ga Maris

Almakashi ya faɗi daga hannuna yau a ɗakin haihuwa. Jaririya na kwance a kan cikin uwarta, na ɗaure cibiya, na zo yankewa, sai babban yatsana ya ƙi lanƙwasuwa. Ba ciwo na ji ba. Ƙi kawai ya yi, kamar na wani ne aka ara mini. Sannu-Sannu ce a gefena, ƙaramar ungozomar da ni na laƙaba wa sunan saboda nawarta. Ta miƙa hannu ta ɗauki wani almakashin ta yanke, ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi magana, da ya fi mini sauƙi.

Hannun dama ne. Wanda na karya shekarun baya a matattakalar asibiti, aka sa mini ƙarfe da kusoshi a wuyan hannu. Gajiya ce, in sha Allahu.

Alhamis, 6 ga Maris

Wurin ɗinkin ya kumbura, yana ɗumi. Baban yara ya gani muna cin abinci, ya ce, “Hannun nan naki ya fara ƙiba ya bar ki a baya.” Na yi dariya don ya bar maganar.

'Yar Fari ta kira. Cikinta ya shiga wata na biyar, na fari ne, komai tsoro yake ba ta. Wai ta gaya wa mijinta ba wanda zai taɓa ta ranar haihuwa sai ni. “Mama, kin karɓi na rabin garin nan, nawa ne za ki bar wa wata?” Na ce ta kwantar da hankalinta, ina nan. Da hagu nake riƙe da wayar ina faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

An kawo wata mai naƙuda da hantsi, haihuwarta ta uku. Na sa safar hannu na duba ta kamar kullum. Aikinmu, abin da ke ciki ba a ganinsa, taɓawa ake yi a sani. To yau na taɓa, ban sani ba. Kamar na jera wa yatsun safa a kan safa. Na ji wani abu mai ɗan tauri, zuciyata ta ce kai ne, har na buɗe baki zan faɗa. Sai na haɗiye maganar. Na kira Sannu-Sannu, na yi kamar jarraba ta nake yi: “Zo ki duba ki gaya mini abin da kika ji.” Ta daɗe, yadda ta saba. Ta ɗago ta ce, “Sista, ba kai ba ne a gaba, ɗuwawu ne.”

Gaskiyarta. Aka kira likita, aka shiga da matar tiyata, uwa da ɗa suna lafiya.

Da na faɗi abin da ke bakina fa?

Na wanke hannu na tafi ofishin Babbar Sista da ƙafata. Na ce kada a sake barina da mai naƙuda sai an duba ni. Ta zuba mini ido ta ce, “Tun yaushe?” Na ce tun yau. Ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba.

Talata, 18 ga Maris

Na ga likitan ƙashi, shi ne ya sa mini ƙarfen tun farko. Ya ɗora hoton ƙashin da aka ɗauka a jikin fitila ya daɗe yana kallo. Ƙashi ya haɗe sumul, in ji shi, amma akwai wani duhu-duhu a gindin kusoshin da bai kwanta masa ba. Ya tsikari yatsuna da allura. Ina kallo yana yi, amma kamar hannun maƙwabciya yake tsikara.

“Sai mun cire ƙarfen, Sista.”

“In an cire, yatsun za su dawo?”

Ya ce mu gani tukuna. Na san wannan maganar. Ni ma na sha faɗa wa mata ita, na san abin da ake rufewa da ita.

Juma'a, 28 ga Maris

An mayar da ni tebur, wajen ba da kati da awon hawan jini. Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin haihuwa. Duk jaririn da ya tsanyara sai in tsinci kaina a tsaye, sai in koma in zauna.

Litinin, 7 ga Afrilu

Gobe tiyata. Na ce wa 'Yar Fari cire ƙarfe ne kawai, abin da ake yi wa kowa.

Talata, 22 ga Afrilu

Da hagu nake rubutu, in yi layi in huta.

Likita ya ce da ya buɗe, naman da ke kewaye da ƙarfen ya yi baƙi kamar an shafe shi da baƙin tukunya. Ƙarfen ya yi tsatsa a cikin jikina. Jijiyar da ke jan babban yatsa ta yi ta gogar wurin da tsatsar ta ci har ta tsinke, kamar tsohuwar igiyar shanya. Ya yi mata ƙari ya ɗinke. Ita kuma jijiyar da ke kai ji ga yatsu, tabo ya shaƙe ta, ya kwance abin da ya iya kwancewa.

Na ce ai ce mini aka yi irin wannan ƙarfen ba ya tsatsa. Ya ce haka ne, shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya aika da shi jami'a, wurin wata injiniya mai binciken ƙarafan da ake sa wa mutane.

Juma'a, 2 ga Mayu

Baban yara ne ya sa mini maɓallan riga yau, ya sa su a karkace. Na gode masa, na shiga banɗaki na saki famfo don kada ya ji.

Laraba, 14 ga Mayu

Na matsa wa likita har ya ba ni lambar injiniyar. Yau na je.

Ɗaki ne dogo a ƙasan bene, da wani wari mai yaji da ke kama maƙogwaro. Kwalabe jere a kan kanta, kowace da guntun ƙarfe a cikin ruwa. Ita kanta ba ta girmi 'Yar Fari da yawa ba, siririya, ta tura tabarau saman kai ta manta tana ta nemansa a kan tebur. Ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙarfe ya biyo ƙarfensa ba. Na ce to yau kin gani.

Ta ɗauko nawa. Ɗan abu ne, bai kai cokalin shayi tsawo ba. A ido yana ƙyalli abinsa, sai 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe a bakin ramukan kusoshi. Ta sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Wayyo. Ramuka ne wasu cikin wasu, kamar haƙorin da ya ruɓe. Da wannan nake ta karɓar 'ya'yan mutane.

Ga bayanin da ta yi mini, in na riƙe daidai. Wai ƙarfen ba shi kaɗai yake ƙin tsatsa ba. Wata fata ce a jikinsa, siririyar da ido ba ya gani, ko madubin nan nata ba ya gani. In an ƙera shi an goge, sai a wanke shi tas, a tsoma shi a ruwan asid. Asid ɗin ya cinye ɓurɓushin baƙin ƙarfen da injin yanka ya bari a kansa. A ɗauraye, a bar shi ya sha iska, sai fatar ta fito ta rufe shi ko'ina. Ita ce tsakanin ƙarfe da jinin mutum. Jini kuwa ruwan gishiri ne mai ɗumi, ba abin da ke cin ƙarfe kamarsa. In fatar ta sami ƙofa ko kamar bakin allura ce, nan gishiri zai shiga ya yi ta haƙa.

Ta nuna mini kwalba biyu, ƙarfe iri ɗaya, ruwan gishiri iri ɗaya. Wanda aka tsoma a asid tun farko yana nan fes. Ɗayan ruwansa ya koma ja-ja. Ta kuma nuna mini kwanon tsomin, a cikin wani akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi. Na tambaye ta tsawon lokacin da ake barin ƙarfe a ciki. Ashe bai fi a yi wa jariri wanka a shirya shi ba.

Na ce, “To wa ya yi mini wannan?”

Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ko dai tsomin ne bai yi ba tun daga kamfani, ko an karce fatar lokacin da ake lanƙwasa ƙarfen don ya zauna a ƙashi, ko kuma kusa ce ta yi ta motsi tana gogar ramin, a lungun da fatar ba ta samun sake rufewa.

Na ce, “Uku ke nan. Ni ɗaya nake so.”

Ta ce, “Ki yi haƙuri, Mama.” Ta kawo mini ruwa. Na karɓa da dama bisa sabo, kofin ya tarwatse a ƙasa. Ita ta share.

Alhamis, 15 ga Mayu

Wataƙila wani mutum ne a wani wuri ya ciro ƙarfe daga ruwa yana sauri ya je cin abinci. Bai san akwai ni a duniya ba. Tun jiya nake ƙoƙarin yi masa fuska don in tsane shi, ta ƙi fitowa.

Talata, 27 ga Mayu

Na tare likitan ƙashi a baranda yana fitowa daga zagayen marasa lafiya.

“Likita, ka lanƙwasa ƙarfen nan kafin ka sa mini?”

Ya ce e, kaɗan, kamar yadda yake yi wa kowa, ƙashin mutum ba ya zuwa daidai da ƙarfe. Na ce injiniya ta ce hakan na iya karce shi. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, “Yana iya. Tun ranar da na buɗe hannunki nake tambayar kaina.”

Na zo da maganganu cike da baki, har bitarsu na yi ta yi a mota. Sai na tuna ni na karɓi 'yarsa ta biyu, yana ta kai-komo a wannan barandar kamar bai taɓa ganin jini ba. Sai na ji na ce masa yaya yarinyar. Ya ce ta shiga aji uku. Muka rabu. Ko faɗan ma ban iya ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Maƙwabciyarmu ta kawo matar ɗanta in duba mata kwanciyar ciki, kamar yadda duk layin nan suka saba. Na hango su ta taga na shige ɗaki, na ce wa Baban yara ya ce ba na nan. Mutumin da bai iya ƙarya ba. Ina ji yana cewa, “Ta ce ba ta nan.”

Litinin, 9 ga Yuni

Gashi, gashi, gashi. Mai gashin ƙashin ya zuba mini wake a faranti in tsince ɗaya-ɗaya in jefa a kofi. Babban yatsa ya fara motsi kaɗan, amma in ban kalla ba, ban san na kama ba. Na ce ya gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ya ce ƙarfi zai ɗan ƙaru. Ji kuwa, jijiyar ta daɗe a shaƙe, ga shekaru kuma... Bai ƙarasa ba.

Babbar Sista ta same ni a can. Wai makarantar ungozoma na neman wadda za ta riƙa tsaya wa ɗalibai a ɗakin haihuwa, baki kawai, ba sai na taɓa kowa ba. Na ce mata ni ba rediyo ba ce. Na ce in korata za a yi a kore ni a fili, kada a sa ni renon yara. Ta ce ba wanda ya kore ni. Na ce hannuna ya kore ni. Na ƙara ɗaukar hutun rashin lafiya na dawo gida.

Asabar, 21 ga Yuni

'Yar Fari ta zo, ciki ya yi gaba, ƙafafu sun kumbura. Ta miƙe a doguwar kujera ta ɗage riga. “Mama, taɓa ki ji yadda ya kwanta.” Na ɗora hannu. Da idona nake ganin fatar na motsi, yaron na shuri, yatsuna shiru. Na gaya mata komai.

Na zaci kuka za ta yi, ko fushi don na ɓoye mata. Sai ta kama hannun ta juya shi tana kallon tabon, ta ce, “Duk wannan ke kaɗai kika riƙe?” Tausayina ta ji. 'Yar da na goya. Da zagina ta yi, da na fi jin daɗi.

Ta ce to wa zan ba ta. Na bi su duka a raina, manya da ƙanana, sai bakina ya ce Sannu-Sannu.

“Wadda kullum kike dawowa gida kina mita a kanta?”

Na ce ita. Tana da nawa, amma ba ta faɗin abin da ba ta ji ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Injiniya ta kira. Ta gano ɓurɓushin baƙin ƙarfe a wuraren da ko kusa ko abin lanƙwasawa ba su taɓa ba. Alamar tsomin ne bai yi ba, ko an gaggauta, ko ruwan ya tsufa ba a canza ba. Ta sanar da hukuma, za a bi sawun sauran ƙarafan da aka yi tare da nawa, a kira waɗanda aka sa wa. Ta ce, “Mama, hannunki zai ceci hannayen wasu.”

Na ce madalla. Na ajiye waya na ci gaba da tsintar wake. Allah Ya yafe mini, ban ji komai game da wasun ba. Nawa nake so.

Na dai aika wa likitan ƙashi saƙo cewa ba daga shi ba ne, ko ya samu ya huta.

Alhamis, 17 ga Yuli

Namiji ne.

Naƙuda ta fara da sassafe, muka isa asibiti rana ta fito. Na shiga ɗakin da na yi rabin rayuwata a ciki, aka ba ni rigar 'yan rakiya. Na tsaya wajen kanta ina share mata gumi da hagu. Sannu-Sannu na ƙasa, a wurina.

Komai na tafiya daidai har kai ya fito. Sai ya tsaya. Ya fito ya koma ya manne, kumatu suka cika, fuska ta fara duhu. Kafaɗa ce ta maƙale. Na sha fitar da irin wannan, hannuna ya san hanyar kafin kaina ya sani, har ya tafi da kansa. Na cafke shi da hagun na mayar baya.

Na ga idon Sannu-Sannu ya fito. Sai na ji wata murya na ba da umarni, ashe tawa ce. “Kada ki ja kan! Ku ɗaga ƙafafunta, gwiwa har ƙirji. Ke, danna nan saman mara, ba saman ciki ba, nan. Ke kuma 'Yar Fari, daina nishi sai na ce.” Bai zo ba. “Sa hannu ta baya, nemi damtsensa, bi shi har gwiwar hannu, ki zago da shi ta kan ƙirji. Kada ki yi sauri.” Ni da bakina na ce wa Sannu-Sannu kada ta yi sauri.

Ya sulluɓo laƙwas, shiru. Ta goge shi da tawul, ta goge, ta goge. Ya tsanyara.

'Yar Fari na kuka tana cewa, Mama kin gani, ke kika karɓe shi. Ba ni ba ce. Kowa a ɗakin ya sani. Da aka miƙo mini shi na ce su dakata in zauna tukuna, a ɗora mini a hagu, a sa matashi a ƙasa, kamar wata baƙuwar da ba ta taɓa riƙe jariri ba. Na shafa kumatunsa da yatsan dama, ban ji shi ba. Sai na sa leɓena.

Talata, 29 ga Yuli

'Yan barka na ta zuwa, kowa na cewa yarinyar nan ta yi sa'a, uwarta ungozoma ce. Ina murmushi ina ba da kujera. Wankan jaririn ma wata ce ke yi, ni aikina in tsoma gwiwar hannu in ji zafin ruwa.

Injiniya ta tambaya ko a dawo mini da ƙarfen in an gama. Na ce ta riƙe ta nuna wa ɗalibanta. Me zan yi da shi.

Litinin, 4 ga Agusta

Ba abin rubutawa. Yatsu suna nan yadda suke.

Laraba, 13 ga Agusta

Na je asibiti ɗauko takalmana da na bari a durowa, ba don komai ba. Hanyar ta gaban ɗakin haihuwa take bi, ba ni na gina ta ba. Ƙofa a buɗe, ga ɗalibai sun kewaye wata mai ciki, ɗaya na danna mata ciki da tsinin yatsu kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Matar na ta yamutsa fuska. Na ce wucewa zan yi. Har na wuce ma, na dawo.

Na ce wa ɗalibar ta gaida matar tukuna, ta murza hannu ya yi ɗumi, ta shimfiɗa tafin duka. Na ce ta gaya mini abin da ta ji, ba abin da littafi ya ce za ta ji ba. Ta ce baya ne. Na ce wane gefe. Ta ce hagu. Na sa aka tabbatar, hagu ne. Sai sauran suka ce su ma, su ma. Akwai ɗaya a cikinsu da ba ta da kai ko kaɗan, sai an yi da gaske a kanta.

Babbar Sista ta leƙo, ta gan ni, ta janye kanta ba ta ce komai ba. Ta kyauta wa kanta. Ban karɓi aikin kowa ba, ban kuma ce zan karɓa ba.

Na dawo gida da yamma, ƙafafuna na zugi. Baban yara ya dubi jakata, ya dube ni, ya ce, “Ina takalman?”

Na ce gobe zan koma in ɗauko.